Na rasa yadda zan ɗora tom a tsohuwar gangar Ludwig ba tare da na huda ta ba

Salam jama'a, don Allah masu harkar ganguna ku agaza min. Kawuna ne ya bar min tsohon saitin ganguna na kamfanin Ludwig na shekarun 1960, irin mai katako fala uku ɗin nan, sautin sa wallahi sai wanda ya ji, da shi nake zuwa kiɗan biki nan Jos. Matsalar ita ce ƙarfen da ke riƙe ƙaramin tom (wato ƙaramar gangar da ke zama a sama) a kan babbar gangar ƙafa ya ci, noti ya ƙi kamawa, ana cikin kiɗa sai ka ga tom ya sunkuya.

Na samo hannun riƙe tom na kamfanin Pearl na gwanjo ashe bututun sa inci 7/8 ne kuma sai ya shige cikin gangar, wato sai an yi ƙaton rami kenan. Wani mai walda a Dilimi har ya ɗauko injin hudawa na ce a'a malam dakata, ganga irin wannan in ka huda ta darajar ta ta faɗi, ga sanyin hunturun Jos katakon ya bushe ina tsoron ya tsage.

Yanzu dai a kan ƙafar siniya (ƙarfen da ake ɗora gangar nan mai wayoyi a ƙasan ta) nake ɗora tom ɗin amma kamar yana shaƙe sautin. An ce min akwai RIMS, zobe ne da ke kama jikin kusoshin ɗaure fata ba sai an huda ba. Akwai wanda ya taɓa sa shi a tom mai inci 13? Kuma a ina zan samu, Abuja ko sai Legas?