Bite, chew, gnaw: wace kalma ta dace da kowace?

Mai fassara: Salamu alaikum. Kwalayen magani da ke shigowa Maradi ta Jibiya da Ɗan Isa yawanci da Ingilishi suke. Bite, chew, gnaw, nibble, duk "cizo" ake jibga musu. Malamai, mu tsayar da magana, musamman kan chewable tablet.

Malamin Ingilishi: Wa alaikumus salam. A duba haƙorin da ke aikin. Babba yana da 32: na gaba 8, fiƙa 4, sauran 20 na tauna ne. Bite aikin na gaba ne da fiƙa, sau guda, wato cizo. In an cire wani yanki, kamar goro, gatsa ce. Chew aikin turame ne, ana maimaitawa har abu ya yi laushi da yawu: tauna. Gnaw kuwa gaigaya ce, yadda kare ke yi wa ƙashi ko ɓera ya yi wa bakin buhun gero. Crunch sai da ƙara, ƙurmusa ke nan, kamar ƙuli-ƙuli.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, bite ɗin ne tarkon. Bature bite yake cewa ga kare, sauro da maciji duka. Mu kare da sauro cizo suke, maciji sara yake. Kunama da zuma harbi, shi ne sting. Wanda ya biyo ta Faransanci ya fi shan wahala, don piqûre ta haɗa cizon sauro, harbin kunama da allurar likita. Wannan ba ado ba ne: cizon kare ana wanke shi da ruwa da sabulu minti 15 a garzaya rigakafin haukan kare, saran maciji kuwa ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau.

Likitan dabbobi: Ku sa chew the cud a gefe, kar wani ya rubuta "tauna". Tuƙa ce. Saniya da jar akuyarmu ba su da haƙoran gaba a sama, fizgar ciyawa suke su haɗiye, daga baya su dawo da ita daga tumbi su niƙa. Dabbar da ta bar tuƙa ba ta da lafiya, makiyayi kuma da wannan kalmar kaɗai zai gane.

Mai fassara: To chewable fa? Wani ya kawo "ƙwayar cizo".

Ma'aikaciyar jinya: A'a, yaya. Ka ce cizo, mutum ya ɓare ta biyu ya haɗiye. "Ƙwayar taunawa" ta fi, a ƙara da "a taune kafin a haɗiye". Misali albendazol ta tsutsar ciki, mai miligiram 400. Yaron da bai kai shekara 3 ba, murƙushe ta ake a dama da ruwa kaɗan don kar ta shaƙe shi. Wadda ake barinta ta narke a baki kuma "ta tsotsawa" ce.

Malamin Ingilishi: Na yarda, Hajiya. Nibble ce ba ta da kalma guda da ta gamsar da ni. "Gutsura kaɗan-kaɗan" zan sa.

Likitan dabbobi: Ga mutum ta yi. Ga ɓera dai a bar ta gaigaya.