Tsohuwar unguwa a tsakiyar birni: a rushe ko a gyara ta mutane na ciki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman haske daga masana. Idan unguwa ta tsufa, lunguna sun matse, kwatoci sun toshe, gidaje sun fara tsagewa, me ya fi: a rushe ta gaba ɗaya a sake yanka filaye, ko a gyara ta a inda take? Kuma da wane aiki ake farawa?

Injiniyan magudanan ruwa:
Wa'alaikumus salam. Malam, da ruwa ake farawa, ba da kwalta ba. Safiyo zai fara auna tudu da kwarin unguwar, a gano inda ruwan sama zai fita, sannan a gina magudana daga mafitar zuwa sama. In aka fara daga sama, damina ɗaya ta isa ta tara ruwan a kan mutanen da ke gangare.

Duk abin da zai shiga ƙasa sai ya shiga kafin a shimfiɗa hanya: bututun ƙazanta a can ƙasa, bututun ruwan sha a samansa kuma nesa da shi, don kada ya zuƙi dauɗa lokacin da aka ɗauke ruwa. Bututun ƙazanta mai faɗin milimita 150 yana son gangarar kusan mita 1 a cikin 100, da ramin dubawa a kowace kwana da kowace mahaɗa. In gangarar ta yi kaɗan, dauɗa za ta kwanta ta toshe shi.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne ciko. Ɗan kwangila ya zuba jar ƙasa a kan tsohuwar hanya maimakon ya haƙe ta, hanyar ta fi daɓen gidaje tsayi, sai ka ga mai gida yana gina dakali a bakin ƙofa yana tsallakawa kafin ya shiga ɗakinsa, ruwa kuma na bin bango yana cin harsashin ginin.

A unguwar Orangi ta Karachi a Pakistan, tun 1980, mazauna kowane layi suka riƙa haɗa kuɗi suna binne bututun layinsu da kansu, babban bututu kuma ya zama alhakin hukuma. Rabon aiki ne mai kyau ƙwarai.

Mai tsara birane:
Injiniya ya yi gaskiya, amma kafin safiyo ya kafa na'urarsa a ƙirga mutane. Gida gida, shago shago, da hoto da lamba a jikin bango, a kuma sanar da ranar rufe rajista. In ba a sa wannan rana ba, sababbin rumfuna za su tsiro cikin dare don neman diyya. Kuma a rubuta 'yan haya. Su ne aka fi mantawa da su: mai gida ya karɓi diyya, wanda ya shekara ashirin a ɗakin ya fita hannu rabbana.

Game da rushewa gaba ɗaya, Amurka ta gwada bayan dokar gidaje ta 1949. A birnin Sen Luwis an share tsohuwar unguwa aka gina Pruitt-Igoe, benaye 33 masu hawa 11, a tsakiyar shekarun 1950. Kuɗin kula da su daga haya yake fitowa; da mazauna suka ragu gyara ya tsaya, a 1972 aka fara rushe su. Jakarta ta Indonesiya kuwa ta ɗauki ɗaya hanyar a 1969, wato gyara unguwa a inda take: hanyoyin ƙafa na siminti, kwatoci, famfunan ruwa da makewayi, mutane na zaune a gidajensu. Da suka tabbata ba za a tashe su ba, da yawa suka gyara gidajen da kuɗinsu.

Inda dole sai an buɗe hanya, akwai tsarin da Jamus da Japan suka daɗe suna bi: kowane mai fili ya bayar da wani kaso na filinsa, a fitar da hanyoyi, a mayar masa da fili ƙarami amma mai daraja fiye da na da. Ba kowane lungu ne ke bukatar mota ba. Layi ɗaya mai faɗin kusan mita 4 da motar kashe gobara za ta bi ya wadatar da lunguna da dama.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To gidajen da suka riga suka tsage fa?

Mai duba gine-gine:
Malam, ba kowace tsaga ce ke kai ga rushewa ba. Siririyar tsagar filasta ba komai ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana ƙara faɗi. A manna ɗan siminti a kanta, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan wata biyu. In ya fashe, tsagar na ci gaba, mai yiwuwa harsashin yana nutsewa. Sau da yawa kwata mai yoyo ko tsohon ramin masai da ke kusa ne sanadi, don haka a gyara wannan tukuna. Amma in bango ya karkata, ko rodin rufin kankare ya yi tsatsa har kankare na ɓarewa a ƙarƙashinsa, a fitar da mutane ranar nan, a tokare ginin kafin a yi maganar diyya.