Shawarwari kan farin tayil mai siffar bulo a banɗaki da kicin

Wannan tayil ɗin, mai faɗin inci 3 da tsawon inci 6, ana kiransa "subway tile" da Turanci, kuma ya samo sunan ne daga tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Niyok da aka buɗe a 1904. Masu gidaje da magina da suka tattauna a kansa sun yarda cewa ba ya tsufa a ido, kuma gogewa ɗaya ke cire maiƙon girki.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne simintin da ake cike tsakanin tayil da shi. Fari yana da kyau, amma a bayan murhu da wurin wanka yana saurin dafewa. Baƙi yana ɓoye datti, sai dai duk layin da ya karkace zai fito fili. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa a zaɓi ruwan toka.

Magina sun nanata cewa a daidaita layin farko sosai, domin shi sauran za su bi. A banɗaki kuma a shafa abin hana ruwa a bango kafin a manna, saboda ruwa na ratsa simintin da ke tsakanin tayil ɗin. A sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa.