Shawarwarin da aka tattara kan haɗa kunshin Debian

Abin da masu haɗa kunshi suka fi nanatawa: kada ka gina kunshi (fayil ɗin .deb da ake girka manhaja da shi) a kwamfutarka ta kullum. Yi amfani da sbuild ko pbuilder, manhajojin da ke gini a keɓantaccen wuri, inda babu komai sai kayan gini na tushe da abin da ka rubuta a Build-Depends, wato jerin kayan da gini ke buƙata, cikin fayil ɗin debian/control. Laburaren (tarin lambobin da manhajoji ke amfani da su) da ka manta ambata, wanda ya daɗe zaune a na'urarka, nan take zai tona maka asiri. Injinan ginin Debian kuma ba sa barin a sauko da komai daga intanet, manhajar da ke jawo kaya lokacin gini sai ta tsaya cak.

Laburare a raba shi biyu: misali, libfoo1 na gudanar da manhaja, libfoo-dev na masu gini. In lambar SONAME, sunan da manhajoji ke neman laburare da shi, ta tashi daga 1 zuwa 2, sunan kunshin ma ya koma libfoo2, in ba haka ba manhajojin da suka dogara da tsohon su ƙi tashi bayan sabuntawa.

Gyare-gyaren da ka yi wa asalin manhajar su shiga debian/patches ta quilt, manhajar da ke kula da irin waɗannan gyare-gyare. Fitowar gwaji a rubuta ta 1.0~rc1, don alamar ~ ce ke sa dpkg, mai girka kunshi a Debian, ya ajiye ta ƙasa da 1.0. Kafin lodawa zuwa ma'ajiyar Debian a duba kunshin da lintian, manhajar da ke gano kurakuran kunshi.