Dasa tsohuwar fiyoni: wane lokaci, kuma zurfin nawa?

Mai tambaya, Manchesta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fiyoni (peony, wata shuka mai manyan furanni), irin wadda ganyenta ke bushewa ƙurmus da hunturu, sunan irin Sarah Bernhardt. Ta daɗe a gindin katanga, yanzu bishiyar maƙwabta ta rufe ta da inuwa, fure ya ragu. Ina so in mayar da ita tsakiyar lambu. Waɗanda suka taɓa yi, ku taimaka.

Hajiya, Toronto: Wa alaikumus salam ƙanwata. In ganye na kore shar, ki ƙyale ta. Sai Satumba zuwa Oktoba, ganye ya fara ja. Lokacin da ƙasa ta fara sanyi ne fiyoni ke fid da ƙananan saiwoyin da take shan ruwa da su, don haka a ba ta kamar mako shida kafin ƙasa ta daskare. Wadda aka dasa a Afrilu toho take yi kafin ta kafa saiwa, sai ta cinye abincin da ta tara ta rame.

Ki datse karan, ki bar santimita 5 zuwa 10. Ki soma haƙa nesa da gindin, santimita 30 zuwa 45, da cebur mai yatsu, kina zagayawa kina ɗagawa a hankali. Saiwar tana da kauri amma ƙas take karyewa. Kada a ja ta da kara.

Malam, Lids: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ni ban yarda a ɗauke tsohon gindi gaba ɗaya a binne ba. Babban kututture yakan zauna shiru a sabon wuri, tsakiyarsa ta riga ta tsufa. A raba shi. Bayan an ciro, a ajiye a inuwa na 'yan sa'o'i, saiwar ta ɗan yi laushi, ta rage karyewa. A wanke ƙasar da ruwa har a ga idanun, jajaye-jajaye ko farare, kamar idon dankali. Da wuƙa mai kaifi a yanka, kowane yanki da ido 3 zuwa 5 da saiwa mai kauri biyu ko uku. Duk inda ya yi baƙi ko laushi a fere shi har a kai ga fari. Yanki mai ido ɗaya zai rayu, amma za a daɗe ana jiran fure.

Hajiya, Toronto: Malam, in gindin bai kai shekara biyar ba, ɗaukar sa da ƙasarsa ba laifi. Tsoho kam, na bi ka.

Yaya, Minisota: Ku bar ni in tsaya kan zurfi, don a nan mafi yawa ke yin asara. Idanun kada su wuce santimita 5 ƙarƙashin ƙasa. A Ingila 2.5 zuwa 5 ya isa. In sun nutse, za ki ga ganye lafiyayye kowace shekara, fure ko ɗaya babu. Kuma sau da yawa ba a wurin dasawa ake kuskuren ba, ƙasa ce ke zama daga baya. An haƙa rami santimita 45 zuwa 60, an cika da ƙasa sako-sako da taki, ruwa ya sauka, gindin ya bi ƙasar ya nutse. Maganinsa: a danne ƙasan ramin sosai tukuna, a gitta sanda a bakin ramin, a auna daga sandar zuwa ido, a zuba ruwa, a sake aunawa kafin a rufe. Haka ma ciyawar da ake lulluɓawa don sanyi: hunturun farko kawai, a kwashe ta a Maris ko Afrilu, in ba haka ba ita ma zurfi ce.

Wannan ka'idar ba ta shafi fiyoni mai itace ba. Ita mahaɗar aurenta, wato inda aka haɗa reshenta da saiwar wata fiyoni, santimita 10 zuwa 15 ake binnewa.

Malam, Lids: Wuri: rana ta sa'a shida aƙalla, tazarar kusan mita 1 tsakaninsu, nesa da saiwar bishiya. Ƙasar yumɓu mai riƙe ruwa ruɓar da gindi take yi, a ɗaga kunya a gauraya da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin dabba kada ya taɓa idanun. Ganyen da aka datse kuma a zubar a shara, kada a sa cikin takin gida, don fumfunar da ke baƙanta toho ta kwantar da kara a jikin ganyen take kwana.

Mai tambaya, Manchesta: Na gode ƙwarai. Yaushe zan ga fure? Kuma in na raba, zan iya kai wa Inna yanki ɗaya Kano?

Yaya, Minisota: Shekarar farko ganye kaɗan, wataƙila babu fure, ta biyu ƙalilan, ta uku take dawowa sosai. Kada ki sake tono ta a tsakani don kin ga shiru. Kano kuwa a haƙura. Asalinta Sin da Mongoliya da Saiberiya ne, sai ta sha makonni na sanyi kusa da daskarewa idanun ke buɗewa, hunturun Kano bai kai nan ba. Ki ba maƙwabciya yankin, ki aika wa Inna hoto a watan Yuni.