Baƙin mai a ramin fulogi: dole sai an sauke inji?

Mai Corolla: Salamu alaikum 'yan uwa. Corolla ce ƙirar 2006, kullum da safe injin sai ya riƙa rawa kamar zai mutu. Jiya a gareji yaro ya zare koyil na uku, wato abin da ke zaune a kan fulogi yana ba shi wuta, sai ga shi sharkaf da baƙin mai, ramin fulogin kamar rijiya. Ogansa ya ce ringi ne, wato zoben fistin, sai an sauke inji. Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi wurin zama.

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Kar ka yarda a kwance maka inji tukuna. Man a ina yake, jikin farin tangaran na saman fulogin, ko can bakin da ke ba da wuta?

Mai Corolla: A sama. Bakin kam ban tantance ba, yana kwance fulogin man ya gangara ciki.

Tsohon Bakanike: Nan yaron ya yi ɓarna. Ana fara tsane man da tsumma ko sirinji kafin a sa sifana. Alhaji, ringi ba ya cika rami ta sama. In ringi ne ko sil ɗin bawul, wato robar da ke hana mai bin bawul ya shiga inda wuta ke tashi, bakin fulogin ne zai yi baƙi da danƙo, salansa ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, mai kuma ya riƙa raguwa ba ka ga inda ya ɗiga ba. Naka robar marfin saman inji ce ta bushe saboda zafi da shekaru. A injin Toyota samfurin 1ZZ irin naka, zoben da ke kewaye ramukan fulogi haɗe suke da robar, guda ɗaya za ka saya. Aikin bai fi awa ɗaya ba.

Direban Zariya: Gaskiya ne Baba. Amma a sayi mai kyau. Na taɓa ɗaukar mai araha a wani shago, wata biyu ta sake zuba. In a Kano kake ka shiga Ƙofar Ruwa da tsohuwar a hannu, ka gwada. Roba mai kyau tana lanƙwasuwa, ba ta ƙage kamar busasshiyar ganda ba.

Tsohon Bakanike: Kuma ka tsaya a kansu. Kar su lafta gam ko'ina, ɗigo ake sawa inda marfin sarƙar taimin ya haɗu da kan inji. Notocin ma ba a ɗaure su da ƙarfin tuwo. A duba bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da iskar da ke taruwa cikin inji; in ya toshe iska na taruwa a ciki ta turo mai ta sabuwar robar ma.

Baban Hanifa: Robar koyil ɗin fa? Mai yana kumbura ta, wuta ta riƙa tsallakewa. Wataƙila rawar ke nan.

Mai Corolla: Allah ya saka da alheri. Yanzu na sa ɗana ya taka totur na tsaya a baya, babu hayaƙi ko kaɗan. Baba, koyil ɗin wankewa zan yi ko canzawa?

Tsohon Bakanike: Goge shi ya bushe, ka mayar da shi rami na ɗaya. In rawar ta bi shi can, canza.