Bazara, gobara da kududdufi: abin da mutanen unguwa suka tsayar

A zaman da aka yi kan haɗuran bazara a Kano, inda zafi kan wuce digiri 40 a Afrilu, an fi daɗewa kan fetur. Masu ajiye shi a jarka cikin ɗaki su daina, domin tururinsa ke kama wuta, ko man bai zube ba. A kashe janareta, ya huce, kafin a zuba masa mai. 'Yan kasuwa sun tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016, suka ce a kashe komai daga soket kafin a rufe shago, tunda wutar lantarki ba ta sallama idan za ta dawo cikin dare. Wutar mai da ta lantarki kuwa ba a watsa musu ruwa; yashi ake zubawa, a kira 'yan kwana-kwana tun kafin ta yi ƙarfi.

Maganar ruwa ta fi tayar wa iyaye hankali. Zafi na kora yara wanka a kududdufi, alhali ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa. Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa ceto, ya jefa igiya ko jarka marar komai mai murfi.

Rijiya a yi mata murfi mai kwaɗo. In wani ya faɗa, kada a zura masa ɗan'uwa haka kawai, don ƙasan tsohuwar rijiya kan rasa iskar shaƙa, sai a rasa mutum biyu.